RX330 ta hannu ko RX300 mai sauƙin kuɗi? Ku ba ni shawara kafin in saki kuɗin filina

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe tsohuwar jif, musamman masu gyara, don kaina ya ɗaure.

Shekara tara ke nan ina hawa Golf 3. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, sai dai hanyar garinmu ta fi ƙarfinta. Daga inda kwalta ta ƙare a bayan Ringim har ƙofar gidanmu burji ne da yashi, in damina ta zauna kuma akwai kwari biyu da ruwa ke kwanciya. Bara sau biyu ina ajiye ta a bakin titi in hau acaɓa in ƙarasa. In don ni ne babu damuwa. To yanzu Hajiyarmu sai an kawo ta Kano ganin likita duk wata saboda ciwon gwiwa, kuma ɗora tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai a bayan babur abu ne da ba na fatan in sake gani.

Na sayar da wani ɗan filina, na haɗa da abin da aka taya Golf ɗin, duka-duka ya tashi miliyan 8. Daga shi babu wani a bayansa, albashin malamin sakandare kuma kun san shi.

Dillali ya nuna mini guda biyu. Ta farko Lexus RX330 ce ƙirar 2005, ruwan toka, ta hannu. Ya ce wata Hajiya ce ke hawa, ba ta fita da ita sai biki. Na lura duk motar da ke hannun dillali ta wannan Hajiyar ce, Allah ya ƙara mata arziki. An tsaya a miliyan 7 da dubu 600. Kujerunta lafiya, esi kamar firji, tafiya shiru. Abubuwan da na gani ban gane ba: an shimfiɗa kafet a kan dasbod, da na ɗaga sai na ga ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ana murɗa makulli fankokin gaba suke tashi, ko da esi a kashe. Na buɗe lagireto da safe, zallar ruwa ne ja-ja-ja mai tsatsa. Ƙarƙashinta ta wajen sitiyari akwai danshin mai. Mita ta nuna 168,000. Sannan wutar nan mai hoton inji ban ga ta kama ba sam, dillali ya ce alamar lafiya ke nan.

Ta biyu RX300 ce ƙirar 2001, baƙa, miliyan 4 da dubu 800. Jikinta ya fi na waccan kyau ma. Amma in aka sa ribas sai ta yi kamar tana tunani kafin ta amsa, kuma da muka hau titin Zariya na taka ta zuwa ɗari, inji yana ta kuka kamar akwai giyar da ta ƙi shiga. Dillali ya ce baƙin mai ne kawai ya tsufa.

Zuciyata tana wajen ta farko, aljihuna yana wajen ta biyu, don in na ɗauke ta zan rage sama da miliyan 3. Wace ce za ta kai ni? Mene ne ciwon kowacce? Kuma tsakani da Allah, nawa irin wannan mota take ci a shekara?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri kan Hajiya, ya ba ta lafiya. Ka yi abin da mutane da yawa ba sa yi, ka buɗe ido ka duba. Abin da ka lissafo ya isa a yi magana. Shekara ashirin da shida ina kwance motocin nan, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Baƙar tukuna, don maganarta gajera ce. RX300 daga 1999 zuwa 2003 aka yi ta, injinta 1MZ ne mai fulogi shida, giyarta huɗu. Abu biyu aka san ta da su tun a Amurka inda aka fi sayar da ita. Na ɗaya giyabos, musamman wadda tayoyinta huɗu ke ja. Na biyu daskarewar baƙin mai a cikin inji, ya koma kamar kwalta ya toshe hanyoyinsa, har sai da kamfanin ya tsawaita garanti a kan wannan matsala a 2002. Rashin shiga giyar ƙarshe da ka ji yana iya zama abu mai sauƙi: akwai wasu sensa guda biyu a tsakiyar injin da ke jin ƙarar fistin, in ɗaya ya mutu ko wayarsa ta ƙone, birenbos, wato kwamfutar motar, yakan hana ta shiga giya ta huɗu. Wannan gyaran yini ɗaya ne, sai dai sai an ɗage duk abin da ke saman injin kafin a kai gare su. Amma jinkirin ribas ba ruwansa da sensa. Cikin giyabos ne ya fara gajiya. Kuma kada ka yarda da maganar juye zai gyara. Sau da yawa tsohon man giya da ya yi kauri shi ne ke riƙe da giyar, ana zuba sabo sai ta saki gaba ɗaya. In ka saye ta, ka sa a ranka giyabos ka saya da mota a kai. Wanda za a kawo maka daga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo a Legas shi ma ya haura shekara ashirin a duniya, cinikin biri a sama ne, garantin sati biyu za su ba ka. Na taɓa ɗaura uku a mota ɗaya kafin aka dace. Kuɗin aiki kuma kowane zagaye sai an biya, don yarana ba da iska suke aiki ba.

Sai mai ruwan toka. RX330 daga 2004 zuwa 2006 ne, injinta 3MZ, lita 3.3, giya biyar. Mota ce mai haƙuri, na ga waɗanda suka haura mil dubu 300 ba a taɓa buɗe cikinsu ba. Tsagewar dasbod halinta ne, zafin rana ne, ba ya hana tafiya, ka bar kafet ɗin a inda yake. Danshin da ka gani a ƙasa galibi rak ɗin sitiyari ne ko tiyon da ke kai masa mai. Kuɗi ne, amma ba ya kashe mota a rana ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai guda uku ne, kuma dukkansu aikin hannun mutane ne, ba halin motar ba.

Fanka da ke tashi da makulli alhali esi a kashe, an haɗa ta kai tsaye ke nan. Ba wanda ke yin haka don nishaɗi. Motar ta taɓa ɗaukar zafi, aka kai ta wajen wanda bai nemi dalili ba, ya ja waya daga batir ya huta. In ka bincika, tara cikin goma za ka tarar an cire tamostat an jefar. Akwai wata magana da ta zauna a garejojinmu, wai tamostat na ƙasar ƙanƙara ne, ba na Kano ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Aikinsa ya riƙe injin a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, yana buɗewa a wajen digiri 82. In babu shi, inji ba ya ɗumi da wuri, birenbos ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta zuba fetur. Shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, ainihin ciwon kuma yana nan a ɓoye.

Ruwan famfo a lagireto shi ne na biyu. Wannan inji alminiyam ne, ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ja ko ruwan hoda yake so. Ruwan rijiya yana cin famfon ruwa, ya toshe lagireto daga ciki, ya ci gaskit ɗin kan inji a hankali.

Na ukun shi ne wutar injin. Malam, ka'ida ita ce in ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole ta kama tare da sauran fitilu, in inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba ko kaɗan, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi da baƙin salatif ta baya. Ba alamar lafiya ba ce, alamar akwai abin da ba a so ka gani. Sau da yawa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ne aka fasa aka sayar, don akwai masu saye da tsada.

Ga abin da za ka yi kafin ka ba da ko sisi. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, inji a sanyaye. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, da mai kwamfuta. A jona ta a karanta. Ka ce masa ya duba ko an goge bayanan kwanan nan, kwamfutar tana nunawa. A buɗe murfin lagireto tana sanyi, a cika, a tayar, ka tsaya kana kallo minti goma. In ka ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, gaskit ya tafi, ka yi musu sallama. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba bayansa, in ka ga abu kamar madara da shayi, haka nan. Ka zaro sandar man giya ka shinshina. Ja ne ya kamata, ko ja mai duhu. In baƙi ne mai ƙaurin ƙuna, ka san inda aka kwana. Man da giyar nan take sha T-IV ne, an rubuta a jikin sandar, ba kowane jan mai da ake aunawa a galan a bakin titi ba.

Sannan wannan 168,000 ɗin mil ne, don motar Amurka ce. A kilomita ya kai dubu 270. Wannan ma in ba a mayar da mitar baya ba. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, a duba maka a intanet, za a ga mil nawa ta yi kafin ta hau jirgin ruwa, da ko hatsari ko ambaliya ce ta sa aka rabu da ita.

Muhimmancin wannan lissafin shi ne taimin bel. Injin nan bel yake amfani da shi, ba sarƙa ba, kuma duk mil dubu 90 ake sauyawa. Na biyu ke nan yake ƙaratowa a dubu 180, in an sauya na farkon. In ya tsinke kana gudu, fistin yana haɗuwa da bawul, aikin dubu ɗari da wani abu ya koma na inji. Don haka ranar da ka saya, kafin ka kai ta gida a yi mata addu'a, ka sauya bel da famfon ruwa da tenshona da boris ɗinsa a zama ɗaya, tunda duk a ɗaki ɗaya suke.

Abu na ƙarshe, kan hanyar garinku. Kada sunan jif ya ruɗe ka. Wannan ba Prado ba ce, ba Hilux ba. Ƙashin bayanta irin na Camry ne aka ɗaga, tsayinta daga ƙasa bai kai santimita 20 ba, kuma ba ta da ƙaramar giyar fita daga laka. Za ta wuce inda Golf ke kartar ƙasa, amma in ruwa ya haura tsakiyar taya ka tsaya ka jira. Inji in ya shaƙi ruwa sau ɗaya ya gama. Ka kuma leƙa ƙarƙashinta ka ga ko akwai dogon ƙarfen farfela da ya tafi baya. Akwai masu taya huɗu da aka sauya wa giyabos zuwa na taya biyu, ana yaudarar mutane da su.

Maman Sadik, Kaduna:

Baban Ummi sannu da ƙoƙari. Baba Bakanike ya gama maganar ƙarfe, ni bari in yi ta kuɗi, tunda irinta nake hawa, ƙirar 2004, tun 2019. Ina da ɗan littafi a aljihun motar da nake rubuta komai, maigidana har dariya yake mini.

Lokacin da na saye ta fetur naira 145 ne. Tankinta lita 72 da ɗan ɗoriya, da dubu goma da ɗari biyar na cika shi har ya tofar. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 labari ya sauya. A naira 900, cika tankin nan ya kai dubu 65. A cikin gari da esi, lita ɗaya tana kai ni kilomita shida zuwa bakwai, a babban titi ta kan kai tara ko goma. Kai da ka saba da Golf, wannan shi zai fara ba ka tsoro, ba gyara ba. Ni yanzu makarantar yara da kasuwa a Keke Napep nake zuwa rabin lokaci, ba na jin kunyar faɗa.

Shekaru huɗun farko, ban da juye da birki da batir, abin da na sauya shokazoba ne na gaba da koyil biyu. Shekarar 2024 ce ta ba ni kashi, kuma rabin abin laifina ne. Muna hanyar Zariya za mu je ta'aziyya, na ga allurar zafi ta haura rabi. Na ce bari dai in lallaɓa in kai Jaji, akwai masu gyara. Ban kai ba. Ashe saman lagireton roba ne, shekara ashirin ta ishe shi, ya tsage ruwa ya tsiyaye. Da na tsaya a take, lagireto kawai zan saya, dubu 95. Wannan lallaɓawar ta minti biyar ita ta jawo aka sauke kan inji aka kai wajen masu gogewa, gaskit da aiki da komai dubu 310. Tunda an riga an buɗe, aka sa taimin bel da famfon ruwa, dubu 185. Bayan wata uku rak ɗin sitiyari da nake ta ƙara masa mai shekara biyu ya ce ya gaji, na Beljiyam dubu 210. Tayoyi huɗu sababbi, masu lamba 17, dubu 340. Juye sau uku, kowanne wajen dubu 42, don kusan lita biyar take sha kuma ba na sa mata na awo. In ka tara, miliyan 1 da dubu 266, ban da fetur, ban da takardu.

Ba kowace shekara ce haka ba, wadda ta biyo baya ko dubu 300 ban kashe ba. Amma ka lura da wani abu: duk kayanta daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Naira ta faɗi, kayan gyara sun ninka, albashi yana nan inda yake. Mai kayan da nake saye a wajensa a Panteka in na yi ƙorafi sai ya ce Hajiya, motar miliyoniya kika saya a kuɗin talaka, ita ba ta san an rage mata farashi ba.

Abin da ya dame ni a lissafinka shi ne miliyan 8 kake da shi, mota miliyan 7 da dubu 600. La'adar dillali da sauya takardu za su cinye ragowar. Ranar da bel ya nemi kuɗi, ina za ka samo? Ba na so ka sayar da fili ka sayi abin da zai zauna a ƙofar gida a kan duwatsu yara suna wasan ɓuya a bayansa. Muna da irinta biyu a layinmu.

Duk da haka ban taɓa nadamar sayenta ba. Surukata da ke da ciwon baya ba ta yarda ta shiga wata mota in ba ita ba.

Ɗan Kantin Kwari:

Malam ni ban san inji ba, amma na san ciniki. Me ya sa dole sai Lexus? Highlander daga 2004 zuwa 2007 mai fulogi shida, inji ɗaya ne da RX330, wasu ma har da kujerun baya na uku. Abin da kake biya a Lexus fata ce da katakon ado da tambari. Ka je ka tambayi kuɗin fitilar gaba ɗaya ta Lexus da ta Highlander ka ji bambanci. Madubin gefe ma, na Lexus ɓarayi sun fi so, ka ajiye a wajen ɗaurin aure ka dawo ka tarar da wayoyi suna lilo.

Kuma ba wanda ya yi maganar takardun kwastam. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma ba a daina shigowa da su ta daji daga Kwatano ba. Lambar mota da takardun jiha ba su ne diyuti ba. Ka karɓi takardar, ka je ofishin kwastam da kanka a duba lambar a kwamfuta, ka tabbata lambar shasin da ke jiki ita ce a takarda. In ba haka ba wata rana kana ɗauke da Hajiya a tare ka a hanya.

Ni da a ce kuɗina ne ma, wallahi shatar mota zan riƙa ɗauka sau ɗaya a wata, in juya miliyan 8 a kasuwa. Amma na san ba za ka ji wannan ba.

Tsohon Bakanike:

Alhaji ya yi gaskiya kan Highlander, da sharaɗi ɗaya. Mai fulogi shida, ba mai huɗu ba. Mutane suna rububin mai huɗun don sauƙin mai, injin 2AZ mai lita 2.4, amma shi in ya ɗauki zafi, zaren da ƙusoshin kan inji ke kamawa a jikin bulok yakan zare, musamman na baya. Ka sa sabon gaskit, ka zo ɗaurewa ƙusa ta yi ta juyawa. Ana gyarawa, sai dai ba kowa ya iya ba. Kuma bambancin man bai kai yadda ake zuzutawa ba, don ƙaramin inji ne yake jan babban jiki.

Tunda an buɗe wannan babin, in dillalin ya ga ka juya baya zai ce akwai Pathfinder a araha. Masu ƙirar 2005 zuwa 2010 an san su da fashewar bututun man giya da ke ratsa cikin lagireto, ruwa ya gauraya da mai, giyabos ya tafi. In ba ka da tabbacin an sauya lagireton, bar ta.

Hajiya Maman Sadik, wannan littafin naki ki riƙe shi da kyau. Ranar da za ki sayar, ya fi duk rantsuwar dillali daraja.

Baban Ummi:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka tiryan-tiryan.

Baƙar ko komawa ban yi ba. Mai ruwan tokar muka je mata ranar Talata ƙarfe bakwai, ni da bakaniken da ke duba mini Golf da wani yaro mai kwamfuta, dubu biyar ya karɓa. Dillali bai ji daɗin ganinmu ba, ya ce ai da mun faɗa da ya sa an wanke ta. Yaron yana jonawa abubuwa shida suka fito. Biyu na indomi ne, babu shi, an fasa an zazzage. Ɗaya na sensa, sauran ya ce ƙanana ne. Da aka zaro gilashin mita, ga baƙin salatif nan a kan ƙwan kamar yadda ka faɗa, har na yi dariya ni kaɗai. Tamostat babu. Man giya dai ja ne, ba ƙauri, farfela ma tana nan.

Sai muka zo kan lagireto. Minti uku na farko shiru, har na fara lissafin yadda zan taya. Daga nan kumfa ta fara, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya kamar tukunya za ta tafasa, aka ɗan taka mai sai ruwan ya yi tsalle ya jiƙa wa bakaniken riga. Dillali ya ce iska ce ta shiga. Muka ba ta minti goma sha biyar, iskar ba ta ƙare ba. Nan take ya sauko zuwa miliyan 6 da dubu 900 ba tare da na ce uffan ba, wannan saukowar ma ita ta ƙara tsorata ni. Bakanikena ya ja ni gefe ya ce gaskit zai iya yi, amma ba zai rantse kan injin bai lanƙwashe ba sai ya buɗe, kuma ba za a bari ya buɗe ba sai na biya. Na ce a bar kaza cikin gashinta. Har mun kai bakin titi yana kirana a waya.

Alhaji na Kwari, maganar shata na ji ta, har na gwada lissafi, kuma ka fi ni gaskiya a takarda. Sai dai ciwon tsofaffi ba ya duba kalanda, wani lokacin ƙarfe biyun dare ake bugo mini. Amma maganar Highlander ta shige ni. Wani abokin aikina ya haɗa ni da maƙwabcinsa da zai sayar da tasa, 2005, fulogi shida, tayoyin gaba kaɗai ke ja, fentin murfin gaba ya ƙoƙe kuma kujerun yadi ne. Ba dillali a tsakani. Ya ce miliyan 6 da dubu 200, kuma da bakinsa ya gaya mini bai taɓa sauya taimin bel ba tun da ya saya, shokazoban baya ma sun mutu. Wutar injin tana kamawa tana mutuwa yadda ya kamata, fanka ba ta tashi sai da na kunna esi. Takardar kwastam tana hannuna, gobe in na tashi daga makaranta zan kai a duba. In ta fita, Asabar za mu yi mata gwajin kumfa. Maman Sadik, in an daidaita zan rage wajen miliyan ɗaya da rabi, kuma na riga na sayi littafin, mai bango ja.

Tambaya biyu suka rage. Baba, tunda ba mai taya huɗu ba ce, rage iskar taya zai wadatar a yashin nan, ko in nemi tayoyi masu manyan haƙora? Sannan na gwada wa Hajiya tsayin kujerar da hannu a waya ta bidiyo, ta ce ita dai kada a kawo mata wadda sai an cicciɓe ta kamar buhun gero. Akwai inda ake ɗaura matakalar gefe mai ƙwari a Kano, wadda ba za ta rage wa motar tsayi sosai ba?